Jirgin da Ya Haye Kan Wutsiyarsa

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na san shirun da na yi ya kai matsayin da za ka fara yi mini lissafi, kuma na san ka riga ka faɗa wa mutuminka mai tabarau cewa jiragen ƙasa sun sace ni. To, ba ka yi ƙarya ba. Dalilin wannan wasiƙa shi ne hoton nan na jirgin kaya yana haye kan wutsiyarsa, da na daɗe ina damunka da zancensa, ya shigo hannu, kuma ba zan iya jira sai mun haɗu kafin in ba ka labari ba.

Wurin shi ne Tehachapi, a tsaunukan kudancin Kalifoniya ta Amurka, inda layin dogo yake tasowa daga kwarin San Joaquin ta wajen Bakersfield ya haura zuwa hamadar Mojave. Kamfanin Southern Pacific ne ya kammala shi a 1876, ƙarƙashin injiniya William Hood, kuma leburori 'yan China ne suka sassaƙe duwatsun. Matsalar da suka fuskanta ita ce tudun ya fi ƙarfin jirgi idan aka miƙa layin kai tsaye, don haka suka lanƙwasa shi ya shiga wani rami, ya zagaye wani ɗan tsauni, ya dawo ya bi ta kan kansa a saman ramin. Zagayen ya ɗan haura kilomita 1, a cikinsa kuma jirgi yana ƙara tsayin mita 23 kawai, domin hawan bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Duk jirgin da tsawonsa ya wuce mita 1,200, kansa zai haye saman ramin da wutsiyarsa ba ta gama shigewa ba. Yanzu layin na kamfanin Union Pacific ne, amma kamfanin BNSF ma yana da izinin bi, saboda haka wani lokaci kan jirgi mai launin rawaya da toka na Union Pacific ne zai ɓullo maka, wani lokaci kuma mai ruwan lemo na BNSF. Jiragen fasinja kusan ba sa bi ta nan, sai idan an karkatar da su saboda aikin gyara a wani layi.

Abin da mai kallon hoton ba zai gani ba shi ne zaman jira. Jirgin kaya ba shi da jadawalin da aka lika wa jama'a. Yana tashi idan kayansa sun haɗu kuma an ba shi hanya. Kana iya zama a gefen hanyar Woodford, inda masu kallo suke tsayawa, rana ta yi ta tafiya ba ka ga komai ba sai shanu a gindin itatuwa, sannan jirage su biyo juna kafin ka goge gilashin kyamara. Waɗanda suka daɗe a wannan harka ba da ido suke jira ba, da kunne suke jira. Suna riƙe da ƙaramin rediyo da ke kama tashoshin ma'aikatan jirgi, waɗanda a Amurka suke wajen megahaz 160 zuwa 161, suna sauraron mai ba da hanya yana magana da direba. Akwai kuma na'urori a gefen layi da ke duba zafin ƙafafun taragai, kuma da zarar jirgi ya wuce sai na'urar ta sanar ta rediyo, ta faɗi wurin da take da ko an sami matsala, wasu har da yawan sandunan ƙafafun da suka bi ta kanta. Daga wannan adadi mutum yake ƙiyasta ko jirgin da ke tafe ya isa ya haye kansa ko kuwa gajere ne da bai cancanci a tashi tsaye dominsa ba. Wani dattijo da na tarar a wurin yana jin adadin sai ya ninke kujerarsa ko ya ci gaba da karatunsa, ni kuwa na mai da shi agogona.

Wanda na samu mai hawa ne, ya taso daga wajen ƙauyen Caliente da ke ƙasa da hantsi, rana tana bayana. Kafin in gan shi na ji gurnanin injin yana dukan duwatsu yana dawowa. Kawuna masu ruwan lemo ne a gaba, suna jan kwantenoni da aka ɗora bibbiyu, ɗaya kan ɗaya. Suka shige ramin, wanda ake kira rami na 9, suka fito, suka fara zagaye tsaunin a hankali, ƙafafun ƙarfe suna ƙara a kan lanƙwasar har sai da na ji abin a haƙorana. Jirgin ya naɗe tsaunin kamar maciji a jikin tulu, kuma a daidai lokacin da kan farko ya iso saman ramin, kwantenonin baya suna ci gaba da shigewa ƙarƙashinsa. A nan na danna. Na ci gaba da dannawa, amma na farkon nan shi ne hoton, domin a cikinsa hayaƙin injin bai rufe lambar da ke goshin jirgin ba, inuwar taragan sama kuma ta faɗo daidai bakin ramin. Can a tsakiyar jirgin akwai wani kan da babu kowa a cikinsa, wani kuma a ƙarshe yana turawa, duka direban gaba ne yake sarrafa su ta rediyo don kada nauyin ya tsinke mahaɗan taragai a kan tudu. A ƙarshen jiragen yanzu babu ɗakin masu gadi irin na da; galibi wata 'yar na'ura ce mai jar fitila take aika wa direba ƙarfin iskar birki, kuma tun shekarun 1980 ta kori wancan ɗaki daga aiki.

Na san me za ka ce, domin ka sha faɗa: mutum da hankalinsa ya bar gari ya je daji yana ɗaukar hoton akwatunan ƙarfe. Mai faɗin haka kuwa shi ne wanda ya tsayar da mu a hanya don ya ɗauki hoton gada, kuma har yau yayanka yana ba da labarin. Ni a ganina jirgin kaya ya fi na fasinja daɗin ɗauka, saboda babu biyu da suke kama da juna. Wannan kwantenoni ne, na bayansa tankokin mai, wani kuma taragai ne iri-iri, wasu sun yi tsatsa, wasu masu zane a bango sun cika su da launi, wasu har yanzu suna ɗauke da sunayen kamfanonin da aka daɗe da haɗiye su.

Ka tambaye ni wace kyamara za ka saya. Ka fara sanin cewa wurin tsayuwa ya fi kyamara muhimmanci. A kan tudun jirgi yana tafiya a hankali, saurin ɗaukar kyamara na ɗaya bisa 500 na daƙiƙa ya isa ya tsayar maka da shi a hoto. A fili kuwa, ta wajen Mojave inda yake sakin gudu, sai ka kai ɗaya bisa 1,000. Gilashi mai jawo nesa yana matse taragai su zama kamar sun hau juna, abin sha'awa, amma da tsakar rana zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa layin ya yi ta rawa a hoto, kuma babu tsadar kyamarar da ke maganin wannan. Shi ya sa safiya da yamma suka fi. Wannan gilashin yana da wata illa kuma: yana sa ka ga jirgin kamar yana nesa alhali ya iso. Jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, jikinsa kuma ya zarce layin da kusan mita guda ta kowane gefe. Layin da filin da ke gefensa mallakar kamfani ne, shiga cikinsa laifi ne a dokar ƙasar. Na ga wani saurayi ya kafa ƙafafun kyamararsa a kan tsakuwar layi, sai da dattijon nan ya daka masa tsawa. Idan ka ji kukan jirgi dogo sau biyu, gajere ɗaya, sannan dogo, mararrabar titi yake tunkara, kuma wannan ma alama ce da ke gaya maka inda ya kai.

Yanzu kuma mutuminka ya aiko mini da saƙo wai shi ya raina Tehachapi, sai jirgin tama na Muritaniya, wanda ke tasowa daga Zouérat zuwa Nouadhibou, tafiyar kilomita 704 a cikin Sahara, tsawonsa yana wuce kilomita 2. Ya ce a saman tamar zai zauna ya ɗauki hoto. Na ce masa wanda yake kan jirgi ba ya ganin jirgi, kuma ƙurar ƙarfe ba ta ƙyale kyamara. Ka yi masa magana, kai yake ji. Idan kuma da gaske yake, to a gefen layi za mu tsaya, kuma sai da kai.

Zan sa a wanke hoton babba in aiko maka, sai ka gaya mini ko adireshinka yana nan yadda yake. Ka gaida mai ɗakinka da yara, ka gaida yaya.

Wassalam,
Naka amini