Wasiƙa ga Iyaye: Darasin Ƙwayoyin Gado a Wannan Zango

Assalamu alaikum, iyayenmu da masu riƙon ɗalibai.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cewa a wannan zango ɗalibanmu masu shirin zama likitoci, masu haɗa magunguna da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje sun shiga darasin ƙwayoyin gado, wato ilimin yadda ɗa yake ɗauko kamanni, har ma da wasu cututtuka, daga uwa da uba.

Tarihi bai ci mana lokaci ba. Mun taɓa Gregor Mendel da gwajinsa na tsiron wake da ya wallafa a 1866, muka zo 1953, shekarar da Watson da Crick suka bayyana surar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta, da taimakon hotunan ɗakin binciken Rosalind Franklin. Daga nan sai aiki da hannu. Kowane ɗalibi ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya zuba a kwalbar gwaji, aka ɗiga sabulun ruwa da etanol mai sanyi, sai ga DNA ɗinsa ya taso fari, kamar zaren auduga. Wasu sun daɗe suna ɗaga kwalbar a haske.

Inda muka fi zama shi ne cutar sikila, domin kusan duk abin da muke son su fahimta yana cikinta. Ɗan Adam yana da kromosom 46, wato ƙunshin DNA da ke cikin ƙwayoyin jikinsa, rabi daga uwa rabi daga uba. A kan kromosom na 11, canjin harafi ɗaya tak a rubutun DNA shi ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe, su toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi. Idan mai AS (wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai) ya auri mai AS, yiwuwar haifar SS, wato mai cutar, ɗaya ce cikin huɗu, kuma a kowane ciki lissafin sabo ne. Nan mutane da yawa suke kuskure, su ɗauka idan an haifi ɗaya mai cutar, ukun da za su biyo baya sun tsira. Ba haka ba ne. Mu a wurinmu, ɗalibin da ya haddace wannan amma ya kasa zama da ma'aurata ya yi musu bayani cikin natsuwa, ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, da sauransa. Shi ya sa muke sa su gwada wannan zama a aji, ɗaya likita, biyu ma'aurata.

Fannin ma gudu yake yi. A 2003 aka kammala aikin karanta rubutun DNA na ɗan Adam, a ƙarshen 2023 kuma Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila mai gyara ƙwayar gado. Yaranku za su tarar da irin waɗannan a bakin aiki.

Sai roƙonmu gare ku. Za a ba su aikin zana jerin dangi na zuriya uku, don haka za su zo muku da tambayoyi kan lafiyar kakanni da 'yan'uwa. Ba dole ba ne ku amsa. Mun san akwai abin da gida ba ya son a fitar, kuma riƙe sirrin majinyaci yana cikin abin da muke koya musu. Ba a rubuta sunan kowa a takardar, kuma duk wanda bai so ba za mu ba shi misalin wani dangi na ƙirƙira, makinsa ba zai ragu ba. Mai tambaya yana iya zuwa ofishin sashe a lokutan aiki.

Naku,
Shugaban Sashen Kimiyyar Lafiya