Direbobin tirela a Legas, ku riƙa zubar da ruwan tankin iska

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu ja kunnen 'yan'uwanmu masu jan tirela tsakanin Apapa da Mile 12. Iskar Legas cike take da danshi, kuma danshin da kwamfuresa, wato na'urar da ke cika tankin burki da iska, ta zuƙa, a tankin yake taruwa ya zama ruwa. Ruwan nan yana cin tanki da tsatsa, ya toshe bawul, burki ya riƙa jinkirin kamawa, abin da ba a so ga mai kaya a kan gada.

Kullum da yamma, a sa wa taya waigi, a fara da tankin da ke kusa da kwamfuresa. A ja igiyar bawul ɗin ƙasa, a riƙe har iska ta fito a bushe, sannan a bi sauran tankunan. In baƙin mai ya biyo ruwan, zoben kwamfuresa ya ci, a kai wa bakanike. In ruwan ya yi yawa kullum, a canza matatar busar da iska.

Da safe a bar gejin iska ya kai wajen 120 psi (ma'aunin ƙarfin iska). A kashe inji, a taka burki minti ɗaya. Tirela mai jan bodi in gejinta ya sauka fiye da 4 psi a cikin mintin nan, ban da saukar farko ta lokacin taka burki, akwai yoyon iska, kada ta hau titi.

Daga wasu kanikawan manyan motoci,
Apapa, Legas