Na roƙi mu sauya salon kwanciya, ya ce a ina na koyo

Assalamu alaikum Anti. Allah Ya ƙara basira, Ya saka miki da alheri kan yadda kike share wa mata hawaye. Don Allah a sakaya sunana.

Yau kwana 9 ke nan maigidana bai haɗa shimfiɗa da ni ba. Gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa, kuma wallahi ban ga abin da na yi da ya kai haka ba. Yanzu haka da nake miki rubutun nan yana falo, ni ina ɗaki, barci ya ƙaurace wa idona.

Shekararmu 6 da aure, 'ya'yanmu biyu, ina kuma ɗauke da cikin wata 6. Cikin nan ya zo mini da nauyi fiye da na baya. Da zarar na kwanta rigingine sai jiri ya kwashe ni, zufa ta keto, zuciyata ta riƙa tashi, numfashina kamar zai ɗauke. Shi kuwa tun da muka yi aure kwanciya ɗaya ya sani: ni a ƙasa, shi a sama, ya gama ya juya baya. Ban taɓa hana shi kaina ba, Anti, ko a gajiye nake. Ina daurewa, in ya gama in lallaɓa banɗaki in yi amai. Bai taɓa tambayata lafiya ba. To, sau ɗaya ya tambaya, amma daga kwance, ko tashi bai yi ba.

Ranar da na je awo ne nas ta yi mana bayani a taro. Ta ce daga wajen mako 20 mahaifa tana yin nauyin da in mace ta kwanta rigingine sai ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, shi ke kawo jirin, shi ya sa ake son mai ciki ta riƙa kwanciya a gefe, musamman na hagu. Da aka watse sai na cire kunya na bi ta, na tambaye ta batun saduwa. Ta duba katina, ta tambaye ni ko ina ganin jini ko zubar ruwa, na ce a'a. Ta ce hoton ciki ya nuna mabiyiya ba ta tare bakin mahaifa ba, don haka saduwa ba za ta cutar da yaron ba, yana cikin ruwansa, bakin mahaifa kuma a rufe. Sai dai mu sauya: ko mu kwanta a gefe, ko ni in kasance a sama. Ta ce idan mace tana sama babu nauyin kowa a kan cikin, ita ke iko da zurfi da sauri, in ta ji zafi ta tsaya nan take. In gwiwa ta gaji, shi ya zauna ya jingina da filo, ni in dafa kafaɗarsa. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ma'aikaciyar lafiya ce, da girmanta, ba 'yar tasha ba.

Kwana 3 ina juya maganar a raina kafin in iya furta ta. Kin san mu da nauyin baki. A daren na yi kwalliya, na tausasa murya, na ce, "Abban yara, don Allah yau ka bar ni in kasance a sama, cikin nan yana wahalar da ni." Anti, sai mutumin nan ya tashi zaune ya kunna fitila, ya ƙura mini ido kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "A ina kika koyo wannan?"

Kalmar nan ita ke ci mini rai har yanzu. Ni da ya aura ban san kowa ba. Na ce nas ce, ya ce ƙarya nake, asibiti ba a koyar da iskanci. Ya ɗauki wayata ya bincike ta tas, bai ga komai ba, sai ya koma kan wata ƙawata da dama can ba ya ƙaunarta, wai ita ke hure mini kunne. Daga nan ya ce shi namiji ne, ba za a hau kansa a gidansa ba. Can kuma ya ce ya ji ana karya wa maza gaba ta haka. Wannan ɗin na bincika daga baya: gaban namiji ba shi da ƙashi, wata fata mai tauri da ke cikin gaban ce ke yagewa idan ya lanƙwashe da ƙarfi yana miƙe, kuma abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, garaje ke jawo shi. Ni da nake ɗaga ƙafa da ƙyar, wane garaje zan yi? Duk neman hujja ne kawai, haka halinsa yake, ba a taɓa gaya masa abu ya karɓa.

Na ma kawo masa aya ta 223 ta Suratul Baƙara, inda aka ce matanku gonaki ne a gare ku, ku je wa gonarku yadda kuka so. Abin da na sani an haramta shi ne ta dubura da lokacin haila. Ya ce kada in yi masa wa'azi a kan gado.

Akwai wata magana da na yi, gara in faɗa miki. Da ya maimaita "a ina kika koyo" karo na uku, raina ya ɓaci, na ce da ya damu da ni da ban je tambayar wata ba, shekara 6 ban taɓa samun gamsuwar da ake cewa mata na samu ba. Shiru ya yi, ya ɗauki filo ya fita. Na san maganar ta yi nauyi. Amma shi ya fara, kuma gaskiya na faɗa, ba ƙage na yi masa ba. Ya zarge ni a mutuncina ina ɗauke da cikinsa, wanne ya fi zafi?

Jiya da safe na ga ya ajiye mini maganin ƙarin jinina a kan tebur da kofin ruwa, amma bai ce uffan ba. Ban san me hakan ke nufi ba.

Da farko abin da na so tambayarki shi ne ko akwai laifi mace ta nemi haka da bakinta, da yadda ake yi ba tare da namiji ya ji an raina shi ba. Na yi tunanin in ja shi wajen nas ɗin ya ji da kunnensa, amma na san ba zai je ba, zai ce na tona masa asiri. Mahaifiyata kuwa ba zan iya buɗe baki in gaya mata wannan ba. Ni yanzu ma kwanciyar ta fita raina. Idan na ba shi haƙuri kan maganar gamsuwa, ba zai ɗauka na amsa zargin da ya yi mini ba ke nan? Idan kuma na yi shiru, saura wata 3 in haihu, haka za mu zauna? Wa ya kamata ya fara magana, Anti, kuma da wace kalma zan fara in ni ce?

Taki,
Mai juna biyu cikin damuwa