Wasiƙa zuwa ga aminina a Kwatano kan rashin lafiyar Yaya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa daga nan Maradi da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne in sanar da kai cewa awon da aka yi wa Yaya ya tabbatar tana ɗauke da sankarar mama, wadda mutanenmu ke kira daji. Ta daɗe tana jin ƙullutu a mamanta na hagu, amma da yake ba ya ciwo sai ta yi shiru, kuma da maganar ta fito tsofaffin gida suka dage cewa daji ba ya son allura. Daga bisani aka yi mata hoton eko da mamografi, sannan aka tsakuro ɗan nama daga ƙullutun aka kai ɗakin awo, domin wannan ne ke raba gardama tsakanin sankara da ƙari marar illa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin likita game da ƙiba. Ka san a wurinmu idan mace ta yi jiki cewa ake yi hutu ya karɓe ta, mijinta ya iya riƙo, har ƴan mata na sayen "sha ka fashe" a hannun masu tallar magani. Alhali bayan mace ta daina al'ada, kitsen jikinta ne ke ci gaba da samar da sinadarin estrojin, kuma akasarin sankarar mama da wannan sinadarin take girma, saboda haka yawan kitse yana ƙara haɗarin. A 2016 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta lissafa sankara iri 13 da ƙiba ke da hannu a cikinsu, har da ta mama bayan daina al'ada. Ga kuma wata matsalar: kitse yana ɓoye ƙullutu, hannu ba ya jin sa sai ya girma.

Ba laifi nake ɗora wa Yaya ba, kuma na hana kowa yi mata gori, domin cutar tana kama sirara ma. A 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da ita a duniya.

Yanzu muna shirin tafiya Yamai, cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, inda aka fara gashin cutar da na'ura tun 2021, kuma likitoci ne za su tsayar da abin da za a fara, aikin tiyata ko shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara.

Roƙona gare ka shi ne ka lallashi Hajiya ta je a duba ta ko da ba ta jin komai, tunda ta haura hamsin kuma tana da jiki, sannan ta rage maiƙo da zaƙi, ta riƙa ɗan tattaki. Idan kunya za ta hana ka, ka sa maiɗakinka ta yi mata maganar.

A sa Yaya cikin addu'a. Ka gaishe da Hajiya da yara.

Naka amini.