Wasiƙa daga Tahoua: wutar da ke kisa, take kuma ceto

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina sanar da kai cewa yaron maƙwabcinmu da wuta ta ja ya samu sauƙi, har an sallame shi. An yi ruwa da la'asar, ya shiga shago ba takalmi, ya kama hannun wani tsohon firji da wayarsa ta ɗaye, sai ya maƙale a jiki, bai saki ba sai da aka kashe wutar daga mita. Allah ya sa wanda ya fara isa bai cafke shi da hannu ba, da mutum biyu za a kwasa.

Ƙunar da ke tafinsa ba ta kai faɗin dala ba, amma likita ya ƙi sakinsa a ranar, domin zuciyarsa yake son saurare. Wutar gidajenmu bolt 220 ce, kuma jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare ta kamar busasshiya. Idan abin da ya ratsa jiki ya haura miliamfa 10 (miliamfa ma'auni ne na yawan wutar da ke gudana), tsokar hannu takan ƙage har mutum ya kasa saki, idan kuwa ya kusa 100 ya bi ta ƙirji, zuciya takan bar bugawa ta koma karkarwa, jini ya daina isa ƙwaƙwalwa. Madarar da mutanenmu ke gaggawar ɗurawa ba ta da aikin yi a nan.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, maganin wannan karkarwa ma wuta ce. A 1947, a birnin Cleveland na Amurka, likita Claude Beck ya ceto yaro ɗan shekara 14 da zuciyarsa ta rikice ana cikin fiɗa, ta hanyar zuba mata wuta kai tsaye. Na'urar da asibitoci ke ɗorawa a ƙirji a yau tana tsayar da karkarwar ne na ƙiftawar ido, domin zuciya ta sake kama bugunta da kanta; ba ta tayar da wadda ta riga ta tsaya cik, duk da abin da finafinai ke nunawa. Likitocin ƙwaƙwalwa ma, tun daga gwajin likitoci biyu, Cerletti da Bini, a birnin Rum a 1938, suna amfani da wuta a kan matsananciyar damuwar da ta ƙi jin magani, yanzu bayan allurar barci, ko da yake takan jawo wa majinyaci mantuwa na wani lokaci. Ka tuna minjiryar da masunta suka sa ka taɓa a bakin kogi a Yamai? Wani likitan Rumawan dā da wani kifin teku mai wuta a jiki kamar minjirya yake maganin ciwon kai.

Na sa mai gyaran wuta ya ɗaura mana na'urar da ke yanke wuta da zarar miliamfa 30 ta zurare. Ranar Lahadi, in Allah ya kai mu, zan kai shi gidan Inna ya duba wayar famfonta, wadda na gani an naɗe da leda.

Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Naka har kullum,
amininka