Labarin sabon maganin zogin ƙafa ga masu ciwon suga: a riƙa faɗa mana da me aka gwada shi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon ka ɗan tsakura mana fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi tsokaci kan labaran da ake yawan bugawa cewa an gano sabon maganin zogin ƙafa ga masu ciwon suga. Galibinsu ba ƙarya ba ne, sai dai akan bar rabin zancen a baya, kuma rabin da aka bari shi ne wanda marar lafiya ya fi buƙata.

Idan suga ya daɗe da yawa a jini, yakan lalata siraran jijiyoyin da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, haɗe da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Dogayen jijiyoyi ne ke fara lalacewa, shi ya sa abin kan faro daga yatsun ƙafa biyu lokaci guda, ya yi ta haurowa, sai ya kusa gwiwa kafin ya taɓa yatsun hannu. Kusan rabin masu ciwon suga kan gamu da wannan lalacewa a rayuwarsu, kuma wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar kan sha zogi da ita. Masu shi kan ce kamar sun taka garwashi, ko ana tsira musu allura, kuma da dare ya fi tsananta, har ba sa son mayafi ya taɓa ƙafar. Paracetamol ba ya yi masa wani abin kirki. Ibuprofen da diclofenac ma haka, ga su da illa ga ƙodar da suga ya riga ya raunana.

Babu na'urar da ke auna zogi. A gwaji, marar lafiya ne ke ba ciwonsa maki kowace rana daga 0 zuwa 10, a haɗa a fitar da matsakaicin mako. Galibi ba a ɗaukar wanda makinsa bai kai 4 ba. Akan sa shi ya ajiye magungunan zogin da yake sha, sannan a yi ƙuri'a: wasu su sami maganin gaske, wasu su sami ƙwayar wofi mai kama da shi amma babu magani a cikinta. Shi bai san wadda ya samu ba, likitansa ma bai sani ba. Gwajin mataki na uku, wato babban gwaji na ƙarshe kafin hukuma ta amince da magani, yakan ɗauki makonni 12 ko fiye. Raguwar da mutum zai ji a jikinsa ita ce kusan maki 2, ko kashi 30 cikin ɗari.

Ga inda gizo ke saƙar: masu shan ƙwayar wofi su ma zoginsu na raguwa, sau da yawa da fiye da maki ɗaya. Mutum yakan shiga gwaji ne lokacin da ciwon ya kai maƙura, kuma da ma zai ɗan lafa da kansa. Ga kulawar ma'aikatan jinya, ga sa rai. Wani ma yakan ƙara wa makinsa gishiri da farko don kada a ƙi ɗaukarsa. A 2015 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun bi gwaje-gwajen zogin jijiya daga 1990 zuwa 2013, suka ga sauƙin da ake samu daga ƙwayar wofi yana ta ƙaruwa a gwaje-gwajen Amurka, na magungunan kuwa yana nan inda yake. Saboda haka jin cewa magani ya rage zogi da maki 2 bai isa ba, sai an ji nawa ƙwayar wofi ta rage.

Suzetrigine na kamfanin Vertex shi ne aka fi yayatawa. Yana toshe wata ƙofar sinadarin sodiyam mai suna NaV1.8 da ke jikin jijiyoyin zogi na wajen ƙwaƙwalwa, don haka ba a sa ran zai bugar ko ya kama mutum yadda dangin tramadol ke yi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a Janairun 2025 da sunan Journavx, amma domin ciwo na ɗan lokaci, irin na bayan tiyata. Amincewar ba ta shafi zogin masu suga ba. A gwajinsa na mataki na biyu kan masu suga, wanda aka sanar a Disambar 2023, an ba da miligiram 23, 46 ko 69 a rana tsawon makonni 12. Duka ukun sun rage zogi da maki biyu da ɗoriya, kusan daidai da rukunin da aka ba pregabalin, wani tsohon maganin zogin jijiya, kuma babu rukunin ƙwayar wofi kwata-kwata. Abu biyu ke sa mai lura ya dakata: rashin wannan rukuni, da kuma yadda ƙaramin awo da babba suka ba da sakamako kusan iri ɗaya. Shekara guda bayan haka aka gwada shi kan zogin jijiyar da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa: maganin ya rage maki 2.02, ƙwayar wofi ta rage 1.98. Wannan bai nuna ba ya aiki ga masu suga ba, domin ciwon daban ne. Gwajin mataki na uku da aka fara a 2024, mai rukunin ƙwayar wofi, shi ne mai raba gardama.

Pilavapadin na kamfanin Lexicon ta wata hanya yake bi, yana danne wani sinadarin jiki mai suna AAK1. A gwajin 2022 awon miligiram 10 ya rage maki 1.39, ƙwayar wofi 0.72. A babban gwajin da ya biyo baya, mai mutum kusan 500, wanda aka sanar a Maris 2025, bai kai ga babban ma'aunin da aka ɗora masa ba. Awon miligiram 20 ya jawo jiri da tashin zuciya, mutane da dama suka fice, aka koma kan miligiram 10. Ƙarin awo ba ƙarin sauƙi ba ne idan marar lafiya ba zai iya jure shi ba.

Waɗanda suka faɗi a hanya ba a cika ba da labarinsu ba. Kamfanin Novartis ya tsayar da gwajin EMA401 a 2019 bayan an ga lahani a hantar birran da aka daɗe ana ba su shi. Engensis, allurar ƙwayar halitta da wani kamfanin Koriya ta Kudu ke yi wa tsokar sha-raɓa da nufin farfaɗo da jijiya, bai fi allurar wofi ba a babban gwajinsa na 2019. Haka ma wata ƙofar sodiyam mai suna NaV1.7, wadda aka ɗora wa buri tun 2006 da aka gano wasu iyalai a Pakistan da ba sa jin zafi sam saboda tasu ba ta aiki: maganin da Pfizer ya yi don toshe ta bai tsinana abin a zo a gani ba ga masu suga.

Wasu kuwa sun tsallake. Japan ta amince da mirogabalin a 2019 bayan gwaji kan mutum 834 a ƙasashen Asiya. Ɗan'uwan pregabalin ne, jiri da barci da kumburin ƙafarsa duk irin na gidansu ne. A 2020 FDA ta amince da filastar capsaicin mai ƙarfin kashi 8 cikin ɗari, wato sinadarin da ke sa barkono yaji. Ma'aikacin lafiya ne ke manna ta a ƙafa minti 30, ba a maimaitawa sai bayan wata uku, kuma ba a ɗora ta a kan miki ko tsagewar fata.

A ganinmu, binciken da ya fi amfani ga marar lafiya a yau ba na sabon magani ba ne. Shi ne OPTION-DM, wanda Farfesa Solomon Tesfaye na Sheffield a Ingila ya jagoranta, mujallar Lancet ta buga a 2022. An ɗauki mutum 140, aka gwada hanyoyi uku, kowace makonni 16: a fara da amitriptyline, ko pregabalin, ko duloxetine, a yi makonni 6, idan makin zogi ya wuce 3 a ƙara magani na biyu. Duka ukun sun sauko da zogi daga 6.6 zuwa 3.3, kuma waɗanda aka ƙara wa na biyu sun fi samun sauƙi a kan waɗanda suka tsaya a guda. Ke nan ba wanda ya fi wani ƙarfi. Lafiyar zuciya, ƙoda da hantar mutum ce ke zaɓa masa.

Amitriptyline akan fara da miligiram 10 zuwa 25 da dare, a ƙara sannu a hankali, a gwajin bai wuce 75 ba. Yana busar da baki, yana sa taurin bayan gida da riƙewar fitsari, kuma bai dace da mai matsalar bugun zuciya ko tsoho mai yawan faɗuwa ba. Duloxetine akan fara da 30 a kai 60 a rana, a sha da abinci saboda tashin zuciya, a guje shi ga mai ciwon hanta ko wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai. Pregabalin yakan faro daga 75 sau biyu a rana zuwa 300 a jimlace. Ta ƙoda yake fita, don haka dole a rage awo idan ta yi rauni, in ba haka ba ya taru ya jawo magagi da tangaɗi. Haɗa shi da giya ko dangin tramadol na iya danne numfashi. Duk wannan aikin likita ne bayan gwajin jini, ba na mai sayar da magani ba.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne a bar mutum wata da watanni a kan awon farawa sannan a ce magani ya ƙi, ko shi ya ajiye cikin makon farko saboda jirin da galibi yakan lafa, ko ya yanke shi rana ɗaya ya shiga rashin barci da fargaba. Akan janye shi ne a hankali, cikin mako guda ko fiye. Ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce kada a yi amfani da tramadol ko tapentadol don wannan ciwo, domin haɗarin kamuwa da jarabar shansu ya rinjayi amfaninsu. Kafin a canza magani kuma a duba bitamin B12, musamman ga wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin, domin ƙarancinsa na kawo irin wannan lalacewar jijiya. Sauko da suga da gaggawa bayan ya daɗe a sama shi ma yana iya tayar da zogi mai tsanani.

Babu ɗaya daga cikin magungunan da aka amince da su da ke gyara jijiyar da ta lalace. Zogi kaɗai suke ragewa. Wani lokaci ma ɗaukewar zogi alama ce ta cewa ji ya mutu, ƙaya ko ƙusa ta shiga ba a sani ba. Don haka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowace rana, da gwajin ji a asibiti aƙalla sau ɗaya a shekara, suna nan daram ko da wane magani ake sha.

Wanda aka gayyata shiga gwaji yana da haƙƙin a karanta masa takardar yarda da harshen da yake ji. Ya tambaya ko akwai ƙwayar wofi, wane magani za a sa ya ajiye da tsawon lokacin, me za a ba shi idan zogi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wa zai ɗauki nauyin jinya idan illa ta auku, kuma wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da aikin. Yana iya fita duk ranar da ya so ba tare da an rage masa kulawa ba.

Roƙonmu ga wakilanka, Malam Edita, shi ne duk labarin sabon magani ya zo da matakin gwajin, da yawan mutanen da aka gwada, da makonnin da aka yi, da makin da ƙwayar wofi ta samu, da yawan waɗanda suka fice saboda illa.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya masu kula da masu ciwon suga