Bayan an sallame shi daga asibiti, wa zai karɓe shi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tsohon malamin makaranta ne a Kano, ina kuma cikin dattawan da ake kira idan rigima ta tashi a unguwarmu.

Akwai yaron da na koyar a aji huɗu na firamare, ɗan wata bazawara mai tuyar ƙosai a bakin layinmu. Ya fara da kodin a wurin bukukuwa, ya zarce tiramol, ran da aljihu ya bushe kuma sai sholisho. Da ya sayar da keken ɗinkin uwarsa, baffanninsa suka ce ya bar musu gida. Ya koma kwana a wani kango bayan masallaci, har ya fara magana shi kaɗai, yara na binsa da jifa. Muka yi karo-karo bayan sallar Isha'i muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Bayan wata biyu ya dawo tsaf, ya yi ƙiba, yana durƙusawa ya gaishe mu. Mako shida bai cika ba ya koma kangon nan.

Na zauna na bi abin daki-daki don in gane inda aka samu ɓaraka. Maganin da likita ya rubuta ya ƙare, ba wanda ya sayo wani. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, ba wanda ya tuna. Baffannin ba su buɗe masa ƙofa ba. Duk mai sana'ar da aka yi wa maganarsa sai ya ce "a dai bar ni, kada kayana su yi ƙafa." Abokan kango kuwa suna nan inda ya bar su, su kaɗai suka yi masa maraba. Mu dattawan mun ɗauka mun sauke nauyi ran da muka biya kuɗin gado, ashe a ranar aikin ya fara. Wannan sakaci namu ne, ban ɗora wa kowa ba.

Malam Edita, shaye-shaye da taɓin hankali da rashin wurin kwana igiya ɗaya ce mai tufka uku, amma kowace hukuma zare guda ta riƙe. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA na kama dillalai, Hisbah na wa'azi da sasanci, asibiti na ba da magani, ma'aikatar jin daɗin jama'a na kwashe mabarata daga titi. Kowa na aikinsa. Sai dai ranar da aka sallami mutum, ya tsaya a bakin ƙofar asibiti da ledar magani a hannu, ranar ba ta cikin jadawalin kowa. Unguwa ce kaɗai za ta iya ɗaukar wannan rana, ita ma ba za ta iya ita kaɗai ba.

Ga girman abin. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani nau'in ƙwaya a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar mutum sama da miliyan 200 ba su kai 300 ba, ga shi wasunsu na ta ficewa waje. Ko an ninka gadajen asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware da Maiduguri sau goma, ba za su ɗauki wannan jama'a ba.

Mu tuna Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Wata guda bayan nan aka ga irinsa a Daura, aka shiga rufe gidajen mari. Rufewar daidai ce, ba na tantama. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba duka mugaye ba ne. Da yawa dabara ce ta ƙare musu. An rufe musu waccan ƙofa ba a nuna musu wata ba, shi ya sa marin bai ɓace ba, ƙuryar ɗaki ya koma. A Janairun 2023 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai lalura haƙƙi da mutunci. Ku tambayi mai unguwa goma, da wuya a samu biyu da suka san da ita.

Abin da nake kira a yi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai a sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwansa guda da zai zauna da shi. Su zo asibiti da rana, su koma cikin jama'a da yamma, masu gida na karɓar kuɗin haya. Bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo su aka yi aiki tare. Mutumin nan har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama. A Jihar Abiya kuma akwai cibiyar Amaudo, wadda Cocin Methodist ta ɗauki nauyi: ana ɗauko masu lalurar da ke yawo a titi, a yi musu magani, a koya musu sana'a, a nemo danginsu a mayar da su gida. Nemo dangin nan shi ya fi burge ni. A nan Arewa, hukumar zakka da waƙafi ta Sakkwato ta daɗe tana biyan kuɗin maganin masu taɓin hankali a Kware. Idan dukiyar zakka ta isa can, ban ga abin da zai hana Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da attajiran Kantin Kwari da Singa ware wani kaso domin maganin bayan sallama ba. Gina ɗaki a asibiti ana yanka kyalle a ɗauki hoto. Sayen maganin wata-wata ba ya zuwa da hoto, amma shi ke hana mutum komawa bola.

Bayan abin da ya same mu da yaron nan, mun sake lale. Da muka mayar da shi karo na biyu, tun yana kwance muka fara shiri. Liman ya je ya zauna da baffannin har sau uku kafin su yarda ya riƙa kwana a shagon ƙofar gida. Wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune a layinmu ta karɓi riƙon katinsa, ita ke tuna mana ranar ganin likita. Asusun masallaci ke sayen magani, uwar ke ba shi da hannunta. Wani kafinta ya ɗauke shi bisa sharaɗin mai unguwa ya tsaya masa. Mai kangon kuma muka matsa masa ya sa ƙofa da kwaɗo. Yaron ya zame sau ɗaya, ya ɓace kwana huɗu, aka samo shi a tasha. Ba a kore shi ba, aka kai shi ganin likita washegari. Ba zan ce ya warke ba, amma yau wata goma sha huɗu yana kwana a ƙarƙashin rufi.

Wani malamin unguwarmu ya ce mini wannan duk aikin aljanu ne, ruƙiya ce maganinsa. Na ce Malam, a yi ruƙiyar, ba wanda ya hana addu'a, amma kada a ce ya ajiye ƙwayar asibiti. Ya amince, har shi ke tambayar yaron ko ya sha magani. Malamai irinsa su iyaye ke fara zuwa wurinsu kafin kowa. Da asibitoci za su tara su a nuna musu alamomin da idan sun gani za su ce "wannan a tafi da shi wurin likita," da an ceci mutane da yawa tun ciwon yana ɗanye.

Inda muka gaza har yanzu shi ne wajen mata. Namiji yana kango kowa na ganinsa. Yarinya ko matar aure mai shan ƙwaya tana cikin ɗaki, ana rufa-rufa don kada a ƙi auren ƙannenta, sai ta kai ga saki da kora sannan a ji labari. Kwamitinmu na maza zalla ba shi da hanyar isa gare ta. Sai malaman islamiyyar matan aure da unguwarzoma sun shigo.

Roƙona gare ku biyu ne. Ku fassara dokar 2023 ɗin nan da Hausa mai sauƙi ku buga ta kashi-kashi, don masu unguwanni da limamai su san abin da ke ciki. Sannan ku tura wakilinku asibitin ƙwaƙwalwa a ranar sallama, ya bi mutum biyar zuwa inda za su kwana a daren, ya koma bayan wata uku ya ga inda suke. Idan yana son ya fara da unguwarmu, uwar yaron ta ce a shirye take ta yi magana, muddin ba za a buga sunan ɗanta ba.

Wassalam.

Naku,
Malamin makaranta mai ritaya,
Kano.